Makafi da Na'urorin Karatu a Ƙasar Kance

Na'urorin taimakon makafi su ne kayan da ke bai wa wanda ba ya gani damar karatu da rubutu da aika saƙo ba sai ya ari idon wani ba. Sun haɗa da allon rubutun makafi, da rakoda, da manhajar da ke furta abin da ke fuskar kwamfuta, da wayar salula mai magana. A ƙasar Kance, cikin jahar Damagaram a kudancin Nijar, wadda Matamaye ke zaman babban garin gundumarta, tarihin waɗannan kaya ya fi bi ta kunne a kan yatsa. Dalili kuwa shi ne cututtukan da suka fi makantar da mutane a yankin sai girma ya kama suke cin ido, lokacin da shekarun shiga makaranta suka daɗe da wucewa.

Musabbabin makanta

Yanar ido da hawan jinin ido cututtukan manya ne. Amosanin ido kuwa tun yarinta yake shiga, ta hanyar ƙuda da hannu da tsumman goge fuska. Idan ya yi ta dawowa, sai ya bar tabo a cikin fatar ido, gashin ido ya juya ciki yana kartar ƙwayar, har gani ya dushe bayan shekaru masu yawa. Ya fi kama mata, saboda su ke ɗawainiya da yara. Jahar Damagaram tana cikin wuraren da cutar ta fi ƙamari a Nijar.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙudurin kawar da makantar amosani ta hanyoyi huɗu: aikin fatar ido, rabon magani, wanke fuska, da tsabtace muhalli. Cibiyar Carter ta Amurka ta yi aiki da hukumomin lafiyar Nijar a kan haka a jahohin Damagaram da Maraɗi da Diffa. Daga 2010 aka gudanar da wani babban bincike a ƙauyuka 48 na gundumar Matamaye, don a gano hanyar da ta fi dacewa ta raba maganin azithromycin. Wannan aiki ya kare idon yara masu tasowa, amma wanda idonsa ya riga ya tafi, buƙatarsa daban ce.

Kafin zuwan na'ura

A ƙasar Hausa makafi suna da tsarinsu tun da, da sarkinsu, wato Sarkin Makafi, da unguwanninsu a manyan birane kamar Kano. Kayan aikin makaho sanda ce da ɗan jagora, ma'ajiyarsa kuwa hadda. Da yawa sun haddace Alƙur'ani da waƙoƙin wa'azi ta hanyar sauraro kawai. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne tun yana ƙarami, kuma makafi masu yawo gari-gari sun taimaka wajen yaɗa waƙar. Da rediyo ya zo, sai ya tarar da kunne a shirye. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Nijar a 1958, daga baya kaset ya kawo tafsiri da waƙa da saƙon ƴan ci-rani har cikin ɗaki.

Rubutun makafi

Louis Braille, Bafaranshen da ya makance yana yaro, shi ya tsara rubutun ɗigo shida a 1824, aka buga shi a 1829. Da waɗannan ɗigo ana fitar da alamomi 63, ana shafa su da kan yatsa. A arewacin Najeriya, ƴan mishan sun buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da makarantar makafi ta Gindiri a 1953. A Nijar akwai makarantar Soli Abdourahmane ta yara makafi a Yamai, akwai kuma ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN.

Sai dai waɗannan makarantu na yara ne, kuma suna nesa da Kance. Manomin da ya makance yana da shekara hamsin, yatsunsa sun yi kanta da riƙon hauya, bambance ɗigo yana yi masa wuya. Idan kuma bai yi boko ba, sai ya koyi haruffan kansu tukuna. Shi ya sa rubutun ɗigo ya zama na ƴan makaranta, bai zama na dattawan karkara ba.

Kwamfuta mai magana

A 1976 Ray Kurzweil ya fitar da na'urar da ke duba shafin littafi ta karanta shi da murya, amma tsadarta ta sa sai manyan cibiyoyi ke iya sayenta. Kamfanin IBM ya fitar da manhajar karanta fuskar kwamfuta a 1986. Ted Henter, wanda ya makance a haɗarin mota, ya kawo JAWS a 1989, sannan samfurinta na Windows a 1995. Babban sauyi ga talaka ya zo a 2006, lokacin da Michael Curran ya fara NVDA a Ostareliya, James Teh ya haɗa hannu da shi. Dukansu makafi ne, kuma manhajar kyauta ce. A 2009 wayar iPhone ta samu VoiceOver, wayoyin Android kuma suka samu TalkBack.

Mai koyon kwamfuta ba da ido ba, da allon maɓallai yake farawa. A kan haruffan F da J akwai ɗan tudu, nan yake ɗora yatsunsa na nuni biyu, daga nan ya gane inda sauran suke. Kowane harafi ya danna, murya ta faɗa masa. Wayar shafa kuwa, taɓawa ɗaya tana faɗin sunan abin da yatsa ya sauka a kai, taɓawa biyu tana buɗe shi. Ƙaramar waya mai maɓallai ma tana da tudu a lamba 5, wanda shi ne alƙiblar mai kira. Dattijo ya fi buƙatar a rage saurin muryar, a maimaita masa darasi, kuma sau da yawa jika ne malaminsa.

Halin da ake ciki

Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, kuma ita ce ta isa ƙauyukan da kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda ake ce mata a Nijar, ba ta isa ba. A ƙasar Kance, inda ci-rani zuwa Kano da Aljeriya ya raba iyalai da yawa, saƙon murya na WhatsApp da katin ajiya na waya mai ɗauke da karatu sun maye gurbin kaset, ana cajin waya da hasken rana inda babu lantarki.

Ta fuskar doka, Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008, ta kuma yi dokarta a kansu a 2019, shekarar da Najeriya ma ta sa hannu kan tata.

Babban cikas shi ne harshe. An gina muryoyin na'urorin nan ne a kan harsuna irin su Turanci da Faransanci, don haka sukan yi tuntuɓe da ɓ da ɗ da ƙ. Rubutun Hausa kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka fara ta ci da fara ta somawa. Mai ido yana warware wannan daga ma'anar jimla, na'ura kuwa sai an koya mata. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a 2013, masu sa kai kuma suna tara muryoyin Hausawa a shirin Common Voice na Mozilla. Yawan dattawan Kance da za su iya sarrafa waya ba da ɗan jagora ba ya dogara ne a kan yadda wannan aiki zai sa na'ura ta yi Hausar da kunnensu ya saba da ita.