INNA, IYA DA JAJI: INA KUJERAR MACE TA TAFI?

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe, tarihi nake so mu taɓa, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya kai ƙarshe kafin ya yanke mini hukunci.

Akwai wata kalma da kowa ke faɗa a garin nan namu na Katsina, tun daga Ƙofar Soro har nan GRA inda 'yan boko suka taru, wato shan inna. Shekara da shekaru masu rigakafi suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara magani a baki, har Allah Ya sa a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar. Likita ya faɗi kalmar, liman ya faɗe ta a kan mumbari, amma mutum nawa ne ya taɓa tambaya, shin wace ce wannan Innar da ake cewa ta shanye ƙafar yaro?

Amsar tana wajen Maguzawa, 'yan uwanmu Hausawa da suka daɗe riƙe da al'adar kaka da kakanni, irin waɗanda ke ƙasar Malumfashi da Kafur. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano, ya fitar da littafi a kansu a 1946. Sun yarda akwai Allah mahalicci, sai dai a ganinsu al'amuran yau da kullum suna hannun iskoki, kuma cikin manyan iskokin nan akwai Inna, wadda ake wa laƙabi da Uwar Gona. Ita ake roƙo damina ta yi albarka, ita ke gadin gona da rumbu. Wanda ya yi sata a gonar da take tsaro, a imaninsu, cikinsa zai kumbura, wanda ya saɓa mata kuwa ta shanye masa hannu ko ƙafa. Haka ma Doguwa, sun kasa ta biyu, akwai fara ta gida, akwai baƙa ta daji.

Kada wani ya ce na zo tallar bori. Roƙon wanin Allah shirka ne, kuma cutar nan ƙwayar cuta ce ke kawo ta, babu ruwan aljana. Abin da ya ja hankalina shi ne tunanin da ke ƙarƙashin al'adar. Mutanen nan da suka tashi siffanta ƙasar da ke ciyar da su, uwa suka kira ta, kuma suka ce hannun da ke ba ka tuwo shi ne ke riƙe da bulala. Wannan awo ya shiga har cikin zaman gidansu. Akwai gandu, gonar gida da ake nomawa tare a ƙarƙashin maigida, akwai kuma gayauna, wadda mace ke nomawa da kanta, abin da ta samu nata ne.

A fada ma haka abin yake. A Gobir akwai sarautar Inna, wadda ake ba wata mace daga gidan sarauta. Ita ce shugabar 'yan bori, ita ke kula da sha'anin mata, kuma maganarta na da nauyi a gaban sarki. Mu Katsinawa in muna son ganin yadda tsohuwar fadarmu take, sai mu leƙa Maraɗi. Bayan da Malam Ummarun Dallaje da sauran masu tuta suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi, suka tafi da tsarinsu cif. A can Iya mace ce, 'yar gidan sarauta, mai irin aikin Innar Gobir. A Zazzau kuwa, bayan jihadi, sarautar Iya ta koma hannun maza, har yau ma in ka ji an ce Iyan Zazzau, namiji ne da rawaninsa. Daura ce ta riƙe sunan Magajiya, tunawa da zamanin su Daurama.

To a nan ne hikimar Nana Asma'u 'yar Shehu ta bayyana, Allah Ya jiƙanta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ƙasar ta cika da matan da suka tashi cikin bori, in ciwo ya zo ko aure ya rikice, wajen Inna da mutanenta suka saba kai kuka. Nana ta yaƙi bori da alƙalaminta, amma ta lura cewa in ka ƙwace wa mutum wurin kai kuka ba ka ba shi wani ba, da dare zai koma inda ya saba. Sai ta kafa 'Yan Taru. Ta riƙa zaɓo dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa su jaji, su zo wurinta su koyi waƙoƙin ilmi da Hausa da Fulatanci, su koma su karantar da matan garinsu tsarki da salla da zaman aure da kula da mara lafiya. Alamar jaji ita ce malfa da jan ƙyalle, kuma Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato tana bincike a kan Nana, ta nuna cewa malfar nan irin wadda Innar Gobir ke sawa ce. Ka ga Nana ta zubar da abin da ke cikin ƙwarya, ta wanke ta, ta zuba mata tsarkakakken nono.

Yanzu sai mu dubi kanmu, musamman mu marubuta. Ka ɗauki littattafan da muke kai wa kasuwa, in mace ta kai shekara hamsin a cikin labari, galibi ko dai muguwar uwar miji ce, ko kuma mai raka 'yarta gidan boka don a mallake miji. Ina dattijuwar da unguwa ke kai wa ƙara? Ina malamar da ke sasanta kishiyoyi? Daga Inna mun riƙe sunan ciwo kawai, daga jaji kuwa da yawanmu ko sunan ba mu sani ba. Yarinyar da ta tashi tana karanta mu za ta ɗauka cewa ƙarfin mace a ƙasar Hausa bai wuce makirci da asiri ba, alhali kakanninta sun zauna a fada, sun noma gayaunarsu, sun yi tafiyar kwanaki a ƙasa don neman ilmi.

Ina kira ga 'yan uwana marubuta, maza da mata, mu koma mu tambayi tsofaffinmu tun suna raye, mu dawo da irin waɗannan mata cikin labaranmu. Allah Ya sa mu dace, Ya yafe mana kurakuranmu, amin.