Asalin Rabon Jimlolin Turanci Gida Huɗu

Duk wanda ya zauna a ajin Turanci a ƙasar Hausa ya san ranar da malami zai tsaya gaban allo, ya ja layuka da alli, ya ce jimlar Turanci iri huɗu ce: sassauƙa mai ganga ɗaya tsayayye, da harɗaɗɗiya wadda mahaɗi ya ƙulla gangunanta tsayayyu, da sarƙaƙƙiya mai ɗauke da ganga dogarau, da kuma wadda ta tara sifofin biyun ƙarshe. Yara sukan haddace wannan rabo kamar tare da harshen aka halicce shi, alhali kuwa idan aka bi salsalarsa za a tarar bai kai shekara ɗari biyu da kafuwa ba.

Malaman nahawun Ingila na farko, waɗanda suka gina iliminsu bisa ƙa'idojin Latin, sun fi ba da himma ga kalma da ajinta fiye da ginin jimla. Robert Lowth, masanin Ibrananci wanda daga baya ya zama babban limamin kirista na birnin Landan, da ya wallafa ɗan littafinsa na nahawu a 1762, gida biyu kaɗai ya kasa jimla, sassauƙa da haɗaɗɗiya. Haka kuma Lindley Murray, haifaffen Amurka mazaunin kusa da York, wanda ya rubuta nasa a 1795 domin wata makarantar 'yan mata, ya bi sawunsa, littafin kuwa ya sami karɓuwa ƙwarai, aka yi ta sake buga shi a Ingila da Amurka. A wurinsu, duk jimlar da ta wuce ganga ɗaya gida ɗaya take, ko gangunan nan tsara ne, ko ɗaya na goye da ɗaya.

Bambancin da ya rage, daga Jamus ya zo, ta hannun wani likita mai suna Karl Ferdinand Becker, wanda ya ba da ƙarfinsa ga nazarin harshe, ya kuma bayyana cewa ganga dogarau ba kome ba ne face kalma guda da ta buɗe ta zama zance, tana tsaye a gurbin suna, ko na sifa, ko na bayanau. Misalinsa a harshenmu a fili yake: in ka ce manomi ya koma gida da magariba, ka yi sassauƙar jimla, in ka ce ya koma gida sa'ad da rana ta faɗi, to, "sa'ad da rana ta faɗi" ta gaji gurbin "da magariba", ba ta iya tsayuwa da ƙafarta, saɓanin in ka ce ya koma gida amma ɗansa ya tsaya a gona, inda kowane ɓangare zai iya rabuwa da ɗan'uwansa ya wadatu da kansa. Samuel Greene ya shigar da irin wannan nazari makarantun Amurka a 1848, John Morell kuma, wanda yake sufeton makarantu ne a Ingila, ya fitar da littafinsa na feɗe jimla a 1852, kuma ba abin mamaki ba ne hanyar mai duba makarantu ta zama hanyar malamai. Gida na huɗu littattafan makaranta ne suka cike shi daga baya. Daga nan al'adar ta bi mulkin Ingilishi zuwa Indiya, inda littattafan Nesfield suka yi tashe, har ta iso azuzuwan boko na ƙasar Hausa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, almajirin zaure da ya sauke Ajuruma ya shiga Alfiyyar Ibn Malik ba baƙo ba ne ga wannan mas'ala. Shehun nahawu Ibn Hisham na Misra, wanda ya rasu a 761 bayan Hijira, wato 1360, ya riga ya bambance jimla babba da jimla ƙarama a cikin Mugnil Labib, ya kuma ƙididdige jimlolin da suke da mahalli a li'irabi, ma'ana waɗanda suka zauna a mazaunin kalma guda, kamar jimlar da ta zama habari ko hali ko sifa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da Becker ya gano ta tasa hanyar bayan kusan ƙarni biyar. A ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tsara nahawu a cikin Baharul Muhiɗi, abin takaici ne a ce yaro ya ji labarin ganga dogarau kamar sihirin Turawa.

Don haka ina roƙon malaman Turanci, kafin su sa yara haddar sunayen nan huɗu, su fara da jimlar Hausa, su ciro ganga, su mayar da kalma guda a gurbinsa a gaban idon yaro, har ya gani da kansa wane ne tsayayye, wane ne dogarau.