Kiran gida ta intanet: hanyoyin da ake da su da abin da kowace ke buƙata

Kiran intanet shi ne wanda murya ke bi ta hanyar data maimakon layin waya na yau da kullum. Kiredin kira ba ya taɓuwa, mega ne ke tafiya. Shi ya sa ɗan ci-rani da ke Abijan, Agadas ko Tamanraset zai kwashe rabin awa yana hira da gida a kan kuɗin da a da ba su isa gaisuwa ba. Amma hanyoyin iri biyu ne, kuma rashin bambanta su ne ke sa mutane asara.

Iri na farko shi ne daga manhaja zuwa manhaja: WhatsApp, IMO, Messenger, Telegram. Kiran kansa kyauta ne, sai dai dole mai kira da wanda ake kira kowa ya kasance da babbar waya, da manhaja iri ɗaya, da data, da rezo mai ƙarfi a daidai wannan lokacin. Kiran murya a WhatsApp bai cika cin mega 1 a minti ba. Na bidiyo kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka in forfe ɗinka ƙarami ne, a ga fuskar jariri na minti biyu, a rufe kyamara, a ci gaba da magana. Cikin saitin WhatsApp, wajen ajiya da data, akwai inda ake kunna rage cin data lokacin kira. Masu ƴan uwa a Dubai su sani cewa can an toshe kiran WhatsApp, Botim ake amfani da ita.

Iri na biyu shi ne daga manhaja zuwa lambar waya kai tsaye, kamar Viber Out, Rebtel, Yolla da Talk360. A nan mai kira kaɗai ke buƙatar intanet. Yana sayen kiredi cikin manhajar, ya danna +227 da lambobi 8, wayar tsohuwa mai maɓallai ta yi ƙara a ƙauye, ko layinta na Airtel ne, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms. Wannan ba kyauta ba ne, don kamfanin da ke kai kiran ga wayar yana karɓar nasa. Skype, wadda da yawa suka saba da ita, an rufe ta a watan Mayun 2025.

Kafin ka zuba kuɗi a irin wannan manhaja, dubi farashin minti zuwa Nijar takamaimai, kada ka ruɗu da tallar da ke fuskar farko, don sau da yawa farashin wata ƙasa ce. Bincika ko ana cire wani abu da zarar an ɗauka, ko kiredin yana mutuwa in ya daɗe, ko kuma suna sake cirar kuɗi daga katin banki duk wata ba tare da tambaya ba. Ni dai shawarata, fara da mafi ƙanƙantar kiredi, ka kira sau biyu ko uku, ka ji ko murya na fita, ka ga ko lambarka ce ke bayyana. Tsofaffinmu da yawa ba sa ɗaukar lambar da ba su sani ba.

Akwai kuma dabarun da jama'a suka ƙirƙiro wa kansu, kuma a ƙauyen da rezo ke zuwa yana ɗaukewa sun fi komai aiki. Saƙon murya shi ne kan gaba: ka yi maganarka, ta jira cikin waya, rezo na dawowa ta tafi, kuma wanda bai iya karatu ba ya saurara. Wasu gidajen sukan tsai da lokaci, misali ranar kasuwa bayan la'asar, yaro mai babbar waya ya yi caji, ya sayi forfe, a taru a jira. Kiran WhatsApp ɗaya na ɗaukar mutum har 32, kenan ƴan uwa na wurare daban-daban za su iya shiga tare. Wasu kuma sukan yi bip, na waje ya biyo. A garuruwan bakin iyaka irin su Ƙwanni da Ɗan Isa za ka tarar da mai layi biyu, na Nijar da na Najeriya, yana kiran Kano ko Sakkwato da na can. Wuraren sayar da wifi ma suna ƙaruwa, musamman tun da Starlink ya fara aiki a ƙasar a 2025.

Abu biyu da bai kamata a manta ba. WhatsApp da ire-irenta ba sa kiran 17 ko 18, lambobin ƴan sanda da ƴan kwana-kwana, don haka a bar layi na yau da kullum a raye. Sannan lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo mabuɗin asusunka ne. Duk wanda ya kira ya ce ka karanto mashi su, ko da ya ambaci sunan ɗanka, to so yake ya ƙwace asusun ya riƙa roƙon danginka kuɗi da sunanka. Kashe wayar, ka nemi ɗan naka ta lambarsa da ka sani.