Labari Mai Kashi-Kashi: Ina Matsayin Gari Irin Wudil a Adabinmu?

Masu iya magana kan ce, waiwaye adon tafiya. Duk wanda ya yi karatun littattafan Hausa a shekarun 1990 bai manta da takaicin da ke zuwa a shafin ƙarshe ba, lokacin da labari ya ɗauko daɗi, asiri na gab da tonuwa, sai marubuci ya yi sallama ya ce a tare shi a littafi na biyu. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan al'ada ta ba da labarin gida kashi-kashi, daga ina ta faro, me ya raya ta, sannan ta tsaya a garin Wudil don yin wata tambaya da ta shafi kowane ɗan ƙungiya: me ya sa garuruwan da suka fi karanta mu ba su cika samun gurbi a cikin labaranmu ba?

Tushen abin

Idan muka koma baya, ƙagaggen labarin Hausa na boko ya samo asali ne daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara da ke Zariya. Ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Mafi yawansu labarai ne na yawon duniya da jarumta. Jiki Magayi ne ya leƙa cikin gida, inda mai kuɗi ya ƙwace budurwar talaka, shi kuma ya ɗauki fansa a ɓoye a kan ɗan da aka haifa. Ke nan tun daga farko akwai irin labarin iyali da asiri, sai dai ya daɗe bai yi tsiro ba. Ta fuskar rarraba littafi kuwa, Magana Jari Ce ya fito cikin littafi uku daga 1937 zuwa 1939, amma shi tarin hikayoyi ne da aka tsara don makarantu.

An jima kafin labarin gida ya dawo da ƙarfinsa. Gasar da kamfanin NNPC na Zariya ya shirya ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda aka buga a 1980. Daga nan aka fara ganin cewa rigimar aure da ta dangi ta isa ta riƙe littafi guda.

Dalilin kashi-kashi

Abubuwa biyu ne suka haɗu a shekarun 1980. Na farko, shirin ba da ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya yaye ɗimbin yara da suka iya karanta Hausa, ga kuma Hukumar Yaƙi da Jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Jihar Kano a 1980, wadda ta koya wa manya, musamman matan aure, karatu da rubutu. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Janar Babangida ta kawo a 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka koma ga littattafan makaranta da ke da tabbacin kasuwa. Ga masu karatu sun yi yawa, ga maɗaba'a ta rufe ƙofa.

Sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu. Wanda ba shi da jarin buga shafi ɗari uku a lokaci guda, sai ya raba labarin gida biyu ko uku, ya buga na farko, ya jira cinikinsa ya biya kuɗin na biyu. Shi ma mai saye ya fi samun sauƙin sayen ƙaramin littafi. Ashe dai aljihu ne ya haifi wannan salo, daga baya ya zama gwaninta, domin dole marubuci ya san inda zai tsayar da labari yadda mai karatu zai dawo. Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980, yana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a 1991, sai Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa a 1994. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka tsaya wa juna wajen bugu da tallatawa. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta ta da ta Onitsha, aka yi ta muhawara a jaridu, inda irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare marubutan.

Masu karatu na bayan gari

Daga kasuwannin Kano dillalai ke ɗaukar littattafan nan zuwa garuruwa. Wanda ba shi da kuɗin saye sai ya karɓi haya a kanti, ya karanta cikin kwana ɗaya ko biyu ya mayar. Littafi guda kan zaga gida biyar, daga amarya zuwa uwargida zuwa ƙanwar miji, har bangonsa ya yage a ɗinke shi da zare. Wadda ba ta iya karatu ba, 'yarta ke karanta mata bayan sallar isha'i.

Wudil na cikin irin garuruwan da wannan ciniki ya ratsa. Tafiyar kilomita 40 ce ko sama da haka kaɗan daga Kano, a kan babbar hanyar da ta nufi Bauci da Maiduguri, kuma duk motar da za ta yi gabas sai ta hau gadar da ke kan koginta. Gari ne na hakimi mai tsohon tarihi, wanda aka san shi da sarautar Makaman Kano ta gidan Joɓawa. Kasuwarsa ta ranar Juma'a, musamman karar shanu, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Arewa. Akwai masunta, da magina tukwane, da masu ɗiban yashi, da manoman rani a bakin kogi. Ta fuskar boko kuwa, Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ta yaye malamai masu yawa kafin harabarta ta zama Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a 2001, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote a 2022. Ga kuma Kwalejin 'Yan Sanda ta Nijeriya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 180,000.

To amma idan ɗan Wudil ya buɗe littafin da ya karɓo haya, me yake gani? Galibi unguwar Nasarawa ce ta Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko ma Landan, da gidan bene da motoci. Idan an ambaci ƙaramin gari ko ƙauye, yawanci wurin da ake gudu ne daga gare shi. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, saurayi ne ya bar ƙauye ya faɗa halaka a birni. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat, yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole sai da ta gudo birni kafin ta zama mutum. Waɗannan littattafai sun faɗi gaskiya, kuma sun yi aikinsu. Sai dai mutanen da suka zauna ba su gudu ba, su ma suna da labari.

Abin da wasu suka yi

Marubucin Indiya R. K. Narayan ya ƙirƙiri wani ƙaramin gari mai suna Malgudi a littafinsa na farko a 1935, ya ci gaba da komawa cikinsa shekara sama da hamsin, har masu karatu suka san titunansa da koginsa kamar garinsu. A Ingila, Anthony Trollope ya rubuta littafi shida daga 1855 zuwa 1867 a kan yanki guda da ya ƙaga, mutumin da ya zama tauraro a wannan littafi sai ya fito a matsayin maƙwabci a wancan. A nan gida, wasan talabijin na The Village Headmaster ya shafe kimanin shekara ashirin daga 1968 a cikin ƙauye ɗaya.

A ƙasar Hausa ma an gwada, an kuma ci riba, sai dai a talabijin ne. Tashar Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa a 2015, labarin wani ƙagaggen gari da iyalansa, da malamansa, da 'yan kasuwarsa, da ɓata-garinsa. Abin lura shi ne, wanda ya fito a matsayin Kamaye a wasan, wato Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, marubuci ne daga cikin jagororin Raina Kama. Karɓuwar da wasan ya samu ta nuna cewa jama'a na son ganin gari irin nasu, da mutane irin maƙwabtansu.

Asiri a ƙaramin gari

Ga mai sha'awar gwada wannan fage, akwai abu guda da ya kamata ya fahimta. A labarin birni, asiri abu ne da ba wanda ya sani sai mutum ɗaya ko biyu, kuma daɗin labarin shi ne ranar tonuwarsa. A gari irin Wudil kuwa, inda kakar wannan ta yi wa uwar wancan wankan jego, da wuya a sami abin da tsofaffi ba su sani ba. Sun san yaron da aka ba wa goggonsa riƙo tun yana jariri har ya girma yana kiranta uwa. Sun san dillalin da ya karye a kara, amininsa ya biya masa bashi a ɓoye. Sun san gonar gadon da aka sayar ba da sanin wanda ke ci-rani ba. Sun sani, sun yi shiru, kuma wannan shirun shi Bahaushe ke kira rufin asiri, har yake roƙon Allah ya ba shi.

A nan ne marubuci zai sami abin da zai riƙe littafi uku ko biyar. Tambayar da za ta ja mai karatu ita ce: wa ya rufa, don me ya rufa, nawa rufin ya ci masa, kuma yaushe ne rufin asiri ke komawa zalunci ga wanda aka ɓoye wa haƙƙinsa? Kara da kunya da zumunci da amana duk za su shigo da kansu, ba sai an tsaya wa'azi ba. Sai dai a yi hattara: a ƙagi gari da iyalai, kada a kwashi sirrin gidan mutane na gaske a kai kasuwa, domin hakan cin amana ne.

Kammalawa

Yau kantunan haya sun ja baya, labari ya koma wayar hannu, ana sakin sa shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad. Kashi-kashi dai bai mutu ba, kuma matsalar tsadar takarda da ta haife shi ba ta hana kowa rubutu yanzu. Saboda haka kira ga 'yan uwa marubuta, musamman masu tasowa daga Wudil da Gaya da Rano da Bichi da makamantansu: kafin ka kai tauraronka Dubai, ka zauna a bakin gada ranar Juma'a, ka saurari yadda dillali ke rantsuwa, da yadda tsohuwa ke kauce wa tambaya. Ka zana taswirar garinka a takarda, ka san gidan wa ke kallon na wa, ka san wa ke bin wa bashi. Allah ya yi mana jagora, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.