Jinkirin Shari'a da Makomar Adalci: Waiwaye Daga Ƙasar Karaye

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a ƙasar da shari'a ta dogara ga shaidar baka, tsawon lokaci kan sauya hukuncin kansa. Za a ɗauki misali da rikicin gona a ƙauyuka irin su Fulatan, cikin ƙasar Rogo da Karaye.

Tsarin Da

Malaman Malikiyya ba su bar lokaci sakaka ba. A littattafan da alƙalanmu suka tashi a kansu, kamar Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙali kan yanka wa mai ƙara wa'adi ya kawo shaidu, ya ƙara masa kwanaki in da uzuri, sa'an nan ya rufe ƙofa. Haka kuma wanda ya ga baƙo yana noma gonarsa shekara 10, ya yi shiru ba da wani dalili ba, to da'awarsa ta faɗi. Hikimar a fili take: shaida mutum ne, yana mantuwa, yana ƙaura, yana mutuwa.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an zaunar da alƙalai a gundumomi, ƙara kuwa ta nufi birni. Shari'a a lokacin tana da sauri, amma saurin bai rasa illa ba, domin kotuna suna hannun En'e, talaka kuwa bai cika samun wurin kai kuka ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a 1968 gwamnati ta karɓe kotunan, ta soke na sarakuna.

Tsarin Yanzu

Tsarin yanzu yana da matakan ɗaukaka ƙara har zuwa Kotun Ƙoli, amma ya zo da nasa ciwon. Shari'ar Ariori da Elemo, ta wani fili a Legas, ta ishe mu misali. An shigar da ita a 1960, ba a yanke ba sai 1975, wata 15 bayan rufe sauraro. A 1983 Kotun Ƙoli ta ce alƙalin ba zai iya tuna yanayin shaidun ba, ta umarci a sake shari'ar daga farko. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 294, ya wajabta yanke hukunci cikin kwana 90 bayan jawaban ƙarshe, sai dai bai ƙayyade tsawon sauraron ba.

To, a auna wannan da manomin Fulatan. Iyakar gonarsa tushen gamba ne da wata tsamiya, hujjarsa kuwa dattawa biyu da suka halarci rabon gado. In shari'a ta ci damina 7, gamba ta ƙone, tsamiya ta zama itacen girki, dattawan sun riga mu gidan gaskiya. Da an ce a sake sauraro, mai gaskiya ya tashi hannu rabbana. Kuɗin mota da na lauya kuwa tuni sun cinye amfanin gonar, har mai ƙaramin ƙarfi ya karɓi sulhun da bai yarda da shi ba.

Kammalawa

Gaggawar da ta danne talaka, jinkirin yau kuma yana binne hujjarsa. Mafita ita ce a riƙe 'yancin ɗaukaka ƙara, a kuma farfaɗo da wa'adin da magabata suka sani, a fara da ɗaukar shaidar tsofaffi tun suna raye.