Daga Almakashi Zuwa Wayar Hannu: Tarihin Haɗa Hotuna a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Haɗa hoto shi ne a yanko ɓangarori daga hotuna biyu ko fiye, a tsara su wuri guda har su zama hoto ɗaya. Wannan aiki ne ya haifar da fastocin fina-finai da kalandun shehunai da sitikun biki, waɗanda suka cika ɗakuna da shaguna tun daga Kano har Damagaram. Da yawa daga cikin matasan da ke yin sa a yau a garuruwa irin su Matameye da Kance da Dawce suna ɗauka kwamfuta ce ta zo da shi, alhali kuwa sana'ar ta girmi manhajojin da ake yin ta da su da fiye da shekara 100. Babban abin da na'ura ta sauya shi ne ta ɓoye ɗinkin da ke tsakanin hoto da hoto, kuma tarihin ɓacewar wannan ɗinki ne ya kamata malamai su sani.

Asalin sana'ar

A shekarar 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Ba a cika shekara 20 ba aka fara yi wa hoto haɗi, domin a 1857 Oscar Rejlander ya nuna wani babban hoto a Ingila wanda ya harhaɗa daga dodon hoto kusan 30. A 1912 masu zane Picasso da Braque suka fara liƙa guntayen takarda a jikin zanensu. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Hannah Höch da John Heartfield a Jamus suka riƙa yanka hotunan jaridu da almakashi suna haɗawa don sukar masu mulki, har Heartfield ya shahara da yi wa Hitila zambo ta wannan hanya. Waɗannan ba su ɓoye haɗinsu ba, duk wanda ya duba ya san saƙo ake isarwa. A Tarayyar Sobiyet kuwa, bayan an kashe Nikolai Yezhov a 1940, sai aka goge shi daga hoton da yake tsaye kusa da Stalin, kamar bai taɓa tsayawa wurin ba. Ke nan tun farko sana'ar ta rabu gida biyu: haɗin da ke bayyana kansa, da haɗin da aka yi don a ruɗi mai kallo.

Shigowarta ƙasar Hausa

Idon Bahaushe ya saba da haɗi tun kafin zuwan kyamara. Baduku yakan yanka fata mai launi ya ɗora ta kan wata, magini yakan dasa faranti a rufin soro, har a ƙarni na 20 maginan Zariya suka shigar da siffar keke da mota cikin adon bangon gida. Hoto kuwa da Turawa ya zo. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, garin kuma ya riƙe matsayin babban birnin mulkinsu har 1926. A katunan wasiƙa na wancan zamani, mutanen ƙasa su ne ake ɗauka, kyamarar kuma tana hannun baƙo.

Daga bisani shagunan hoto suka buɗe a birane, galibinsu a hannun mutanen kudu da na bakin teku, kamar Philippe Koudjina wanda ya yi suna a Yamai tun shekarun 1960. A waɗannan shaguna haɗin farko shi ne labule: a zana jirgin sama ko gidan bene, mutum ya tsaya gaba a ɗauke shi. A ɗakin wanki kuma ana iya buga dodo ɗaya sau biyu a takarda guda. Da wannan dabara ce wasu masu hoto a ƙasar Yarbawa, a shekarun 1970, suke fitar da hoton tagwaye idan ɗayansu ya rasu, wato a maimaita siffar wanda ya rayu. Masu ɗab'i su ma sun shigo ciki da kalandu, inda ake jera shehunan ɗariƙa irin su Shehu Ibrahim Inyas, a bayansu ga masallacin Madina. Babu wanda irin wannan haɗi ya ruɗa, domin bakin yankan a fili yake, mai saye kuma ya san albarka yake nema da ado.

Zamanin kaset da kwamfuta

A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, wanda ake ɗauka shi ne mafarin fina-finan bidiyo na Hausa. A wannan shekara ce kuma kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da Photoshop, manhajar da ƴan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. CorelDRAW ta riga ta fitowa daga Kanada a 1989. A 1994 Photoshop ta zo da tsarin falle-falle, wato kowane hoto ya zauna a kan fallensa, kamar gilasai da aka ɗora wani bisa wani, ta yadda za a iya matsar da ɗaya ko a goge shi ba tare da an taɓa sauran ba. Wannan ya kawar da babbar matsalar almakashi, wadda in an yanka an yanka ke nan.

Kasuwar fim ce ta fi buƙatar wannan aiki. Kowane kaset yana son kwali da fasta masu ɗauke da fuskokin ƴan wasa, babba gaba ƙanana baya, bisa salon fastocin Indiya da ido ya saba da su a gidajen silima. Mujallun Tauraruwa da Fim, waɗanda suka fito a 1998 da 1999, sun ƙara faɗaɗa kasuwar. Bangon littattafan soyayya, wanda a da ake zanawa da hannu, ya koma na hoto. Daga nan amare da angwaye da ƴan takara suka bi sahu.

Mafi yawan masu wannan aiki a shago suka koye shi, bisa tsohon tsarin ubangida da yaro. Yaro yakan fara da aike da buga rubutu, sa'annan a ba shi hoton fasfo ya sauya masa bango, daga nan ya koyi bin gefen fuska da rawani yana yankewa, da lausasa bakin yankan, da daidaita haske da inuwa. Gwaninta duka a nan take, kuma ma'auninta shi ne kada a gane inda aka haɗa. Karkara kuwa kayan kawai take gani. Fastoci da kalandu sukan biyo hanyar Daura da Ɗan Barto zuwa kasuwar Matameye, ko su zo cikin jakar ƴan ci-rani, daga nan su isa ƙauyukan Dawce.

Zamanin waya

Wayar salula ta shigo Nijeriya da Nijar a farkon shekarun 2000, daga baya masu kyamara suka yawaita. Da fitowar manhajoji irin su PicsArt a 2011 da Canva a 2013, aikin da yaron shago kan yi watanni yana koyo ya zama na ƴan mintuna, kuma daga baya ƙirƙirarriyar basira ta fara samar da hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Alherin wannan a bayyane yake, tunda ɗan ƙauye yana iya tsara katin suna ko sanarwar ƙungiya ba sai ya je birni ba. Sai dai ya samu kayan aiki ba tare da ubangidan da zai ce masa wannan ya halatta, wancan bai halatta ba.

An ga illar haka a 2018, lokacin da aka baza jita-jitar cewa marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ya rasu, wai wani Jibrin daga Sudan ne ke zaune a kujerarsa. Hujjar masu yaɗawa ita ce hotuna da aka jera gefe da gefe, wasu ma an juya su dama ta koma hagu. Maganar ta yi ƙarfi har sai da shugaban ya fito da kansa ya ƙaryata ta a ƙasar Polan cikin watan Disamba na shekarar.

Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma an yi wannan magana ne a zamanin da ido ke ganin abu da kansa. Malamin da zai koya wa ɗalibai haɗa hoto zai kyauta in ya fara da almakashi da tsofaffin jaridu kafin a taɓa waya, domin hannun da ya yi ɗinki shi ya fi saurin gano shi a aikin wani. Sa'annan ya saba musu da tambayoyi uku: daga ina haske ya fito, yaya bakin siffar yake, kuma wa ya fara fitar da hoton? Ƙungiyoyin al'adu kuma akwai aiki a gabansu na tattara tsofaffin kalandu da fastoci da kwalayen kaset, a rubuta shekararsu da sunan maɗaba'arsu, tun kafin gara da damina su cinye su.