Mogwai: Shekaru Talatin na Kiɗan Jita da Zargin Tsayawa Wuri Ɗaya

Mogwai ƙungiyar makaɗa ce da samari uku suka kafa a birnin Glasgo na Sikotland a 1995: Stuart Braithwaite mai jita, Dominic Aitchison mai jitar bas, da Martin Bulloch mai ganguna. Ba a jima ba John Cummings ya shigo da jita ta biyu, daga baya kuma Barry Burns, wanda ya iya piyano da sarewa, ya cika su biyar. Salon da aka san su da shi shi ne post-rock, sunan da ɗan jarida Simon Reynolds ya yayata a 1994. Kayan kiɗan rock aka riƙe, aka yar da tsarinsa na baiti da amshi. Galibi babu mawaƙi sam, kuma kiɗa ɗaya kan kai minti goma ko fiye. Slint ta Amurka da Talk Talk ta Ingila su suka share fage a 1991, da kundayen Spiderland da Laughing Stock.

Kundinsu na farko, Young Team, ya fito a 1997 a ƙarƙashin Chemikal Underground, wani ƙaramin kamfanin faifai na Glasgo. A cikinsa ne suka kafa dabarar da ta ɗaukaka su, wadda kuma daga baya ta zame musu ƙarfen ƙafa. Kiɗan "Like Herod" ya isa misali. Jitar bas ce ke farawa da ɗan zagaye guda, ana ta nanata shi, sauti yana raguwa har mai sauraro ya kai hannu ya ƙara murya don ya ji abin da ake yi. Yana cikin kasa kunne sai jitoci da ganguna su faɗo gaba ɗaya da ƙara mai firgitarwa. "Mogwai Fear Satan", mai minti 16, ya bi ta wata hanya: ruri ne ke tashi yana sauka, sarewa tana ratsa shi a hankali. Sautin kundin bai da tsabta sosai, akwai kaushi a jikinsa, amma kaushin ya dace da abin da ake nufi.

A irin wannan kiɗa aikin situdiyo ba ado ba ne. Inda akwai mawaƙi, kalmomi kan rufa wa naɗi mara kyau asiri. Inda babu, abin da ya rage shi ne kaurin muryar jita, da yadda ganga ke amsawa a ɗaki, da tazarar da ke tsakanin shiru da ƙara. Shi ya sa tarihin Mogwai ya zama rabi tarihin furodusoshinsu ne. A ƙarshen 1998 suka tafi situdiyon Tarbox Road da ke jihar New York wurin Dave Fridmann, suka naɗi Come On Die Young, kundi mai sanyin jiki wanda ya ƙi ba masu jiran fashewa abin da suke jira sai can kusa da ƙarshe. Da Fridmann ɗin suka sake yin Rock Action a 2001, suka gajarta kiɗe-kiɗen, suka shigo da goge da kayan busa, har Gruff Rhys ya rera waƙa ɗaya da harshen Wales. A shekarar kuma suka fitar da My Father My King, kiɗa guda mai minti 20 da aka gina kan wani tsohon karin addu'ar Yahudawa, wanda Steve Albini ya naɗa. Albini ya yi suna wajen ɗaukar makaɗa yadda suke bugawa a ɗaki, ba tare da yawan gyare-gyare ba. Duk wanda ya jera wannan faifai da Rock Action zai ji ƙungiya ɗaya a shekara ɗaya da murya biyu mabambanta.

Zargin tsayawa wuri ɗaya ya taso ne a tsakiyar shekarun 2000, kuma ba Mogwai kaɗai suka jawo shi ba. Dabarar fara kiɗa a hankali a ƙare da ruri ta yaɗu. Explosions in the Sky daga Texas da Mono daga Japan sun gina sunansu a kanta, ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi suka bi sahu, masu fina-finai da tallace-tallace kuma suka gano cewa tana saurin taɓa zuciya. Da zarar mai sauraro ya san a minti na nawa ƙarar za ta zo, ai ba sauran firgita. Sai ya zamana waɗanda suka taimaka wajen ƙirƙiro salon ana auna su da masu kwaikwayonsu.

Su ma dai suna da nasu kason. Bayan Happy Songs for Happy People na 2003, sun samu situdiyon kansu a Glasgo mai suna Castle of Doom, inda suka yi Mr Beast a 2006 tare da Tony Doogan. Mallakar situdiyo ta ba su lokaci da 'yanci, amma ta rage matsin da kan sa makaɗi ya yi kasada. Mr Beast da The Hawk Is Howling na 2008 aiki ne mai kyau, sauti tas, kowane kayan kiɗa yana zaune a gurbinsa. Sai dai masu sharhi da dama sun ji kamar ɗumamen tuwon jiya ne: yana da daɗi, yana ƙosarwa, amma an san ɗanɗanonsa tun kafin a kai loma. Gaskiyar magana, kyawun naɗin ya taimaka wajen fito da matsalar fili, domin da kaushin ya tafi babu abin da zai ɗauke hankali daga tsarin da aka riga aka haddace.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi masana'antar baki ɗaya a wancan zamani. Kamfanoni suna gasar fitar da faifai mafi ƙara, don haka injiniyoyi kan matse sauti, su ɗaga wuraren shiru har su kusan kai wuraren ƙara. Waƙar rediyo mai minti uku ba ta cika jin jiki ba. Kiɗan da jarinsa duka shi ne tazarar shiru da ƙara kuwa, matsewar tana cinye masa riba da uwar kuɗi. Wannan na cikin dalilan da suka sa masoyan post-rock da yawa ke fifita kallon ƙungiya a dandali, inda Mogwai suka yi ƙaurin suna wajen ƙarar da ke sa mutane toshe kunne.

Mafitar da suka samu ta zo ta ƙofar fim. A 2006 sun yi kiɗan Zidane: A 21st Century Portrait, fim ɗin Douglas Gordon da Philippe Parreno wanda kyamarori 17 suka bi Zinedine Zidane shi kaɗai a wasan Real Madrid da Villarreal na 2005. Daga baya suka yi wa shirin talabijin na Faransa Les Revenants, sannan fim ɗin Atomic na Mark Cousins. Kiɗan fim ba ya son ruri a kowane lokaci, hoto ne ke jan ragama. Wannan horo ya bayyana a Rave Tapes na 2014, inda na'urorin sintesaiza na Burns suka karɓi gaba, jita ta koma baya. Cummings ya bar ƙungiyar a 2015.

Kasuwa ba ta bi ra'ayin masu cewa sun ƙare ba. Rave Tapes ya kai na 10 a jadawalin cinikin kundaye na Birtaniya, Every Country's Sun na 2017, wanda suka koma wurin Fridmann suka yi, ya kai na 6. A lokacin annobar korona sun naɗi As the Love Continues a wani situdiyo a Ingila, Fridmann yana Amurka yana ba da umarni ta intanet. Kundin ya fito a Fabrairun 2021 ya hau na ɗaya, karo na farko a tarihinsu, ya shiga takarar kyautar Mercury, ya kuma ci kyautar kundin shekara na Sikotland. Tsofaffin masoya na iya cewa sautin ya yi laushi idan aka kwatanta da 1997, kuma ba su yi ƙarya ba. A Janairun 2025 ƙungiyar ta fitar da kundi na goma sha ɗaya, The Bad Fire, a kamfanin faifai nasu na kansu, wanda shi ma sunansa Rock Action, wannan karon da sabon furodusa, Ba'amurke John Congleton.